Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Darasi Domin Ma'aurata Masu Neman Biza

Wannan darasi na dukan gida ne. Bayan tuwon dare mai gida ya tara iyalinsa, wanda ya iya karatu ya karanta da ƙarfi, saura su kasa kunne. Idan akwai saurayi ko budurwa a gidan da ake maganar aurensu da wanda ke zaune a ƙasar waje, a kira su su zauna kusa.

Daga Agadas nake rubuto muku, nan bakin hamada. Mu mazaunan garin nan mun ga tafiya iri iri. Shekaru da yawa, kowace Litinin, motoci sukan fita gari cike da samari, kowa da jarkar ruwansa, sun nufi Dirku da Libiya. A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawa 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Cikinsu 52 yara ne, 33 mata, da yawansu kuwa mutanen Kance ne. A 2015 gwamnati ta kafa dokar hana safarar baƙi, a Nuwamba 2023 aka soke ta. Doka ta zo, doka ta tafi, amma marmarin ƙetare bai fita daga zukatan mutane ba.

Akwai wata hanya wadda ba ta bi ta rairayi ba. Idan mutum yana da takardar zama a Turai ko Amurka, ko kuwa ya zama ɗan ƙasa a can, doka takan ba shi dama ya nemi a kawo masa matarsa. Haka nan mace tana iya neman a kawo mata mijinta. Wannan hanya halal ce, ba abin kunya a cikinta. Amma tana da ƙofa, a bakin ƙofar kuwa akwai ma'aikaci mai tambaya. Darasinmu na yau a kan shirin tsayawa gabansa ne.

1. Me mai tambaya yake nema?

Abu ɗaya yake so ya sani: auren nan na gaskiya ne, ko auren takarda ne? Auren takarda shi ne wanda mutum biyu suka ƙulla domin ɗaya ya sami izinin shiga ƙasa, ba da niyyar zama tare ba. Sau da yawa kuɗi ake biya. Ƙasashen nan sun sha ganin irinsa, saboda haka suna tuhumar kowa, har da mai gaskiya.

Tambayoyinsa na zaman yau da kullum ne. Ina kuka fara ganin juna? Wa ya shiga tsakani? Wace rana aka ɗaura aure, wa ya ɗaura, su wa suka halarta? Wane aiki mijinki yake yi? Mene ne sunan uwarsa? 'Yan'uwansa nawa ne? Yaushe ne ganinku na ƙarshe? Ta yaya kuke gaisawa tun da ya koma? Wani lokaci ana tambayar miji da mata tare. Wani lokaci ɗaya kaɗai ake kira, gama ɗayan yana can ƙetare. Idan ma'aikacin ya yi shakka, sai a raba su ɗaki ɗaki, a yi musu tambaya iri ɗaya, a rubuta amsoshi, sa'an nan a gwada na wannan da na wancan.

2. Abin da dokokinsu suka ce

Bari mu duba ƙasa biyu, domin su ne mutanenmu suka fi ambata.

A Faransa an kafa doka ran 14 ga Nuwamba 2006 domin binciken aure. Ɗan Faransa da zai yi aure a ƙasar waje sai ya fara neman takardar izinin aure daga ofishin jakadancinsu. Bayan aure kuma sai an shigar da shi cikin littafinsu kafin su san da shi. Ma'aikacin yana da iko ya ji ta bakin ma'auratan, tare ko dabam dabam. In ya ga alamar ƙarya, yakan aika da maganar wurin babban lauyan gwamnati a birnin Nant. Hukuncin auren takarda ɗaurin shekara 5 ne da tarar yuro 15,000, watau kusan sefa miliyan 10. A 2011 aka ƙara cewa wanda ya ruɗi abokin aurensa, ya nuna ƙauna alhali takarda yake nema, shi ma hukuncin ya hau kansa. Baƙon da ke zaune a Faransa bisa doka kuwa, sai ya cika wata 18 a ƙasar, ya nuna yana da abin ci da iyali da ɗakin da zai ishe su, kafin ya nemi a kawo matarsa. Dole kuma matar ta cika shekara 18.

A Amurka dokar 1986 ce ta tsananta. Idan aure bai kai shekara 2 ba sa'ad da aka ba da izinin zama, katin wucin gadi na shekara 2 ake bayarwa. Cikin kwana 90 na ƙarshe kafin ya ƙare, miji da mata su sake nuna shaidar suna tare. Wanda aka kama da auren takarda yana iya shan ɗauri har shekara 5 da tara har dala 250,000. Wanda aka tabbatar ya yi auren ƙarya, ko daga baya ya yi na gaskiya, ba za a karɓi roƙon da aka yi dominsa ba. Ku lura kuma, ƙasashen nan biyu ba su ba mace ta biyu izinin zama a matsayin matar aure.

Ku sani kuma ƙofofin nan ana buɗewa, ana rufewa. A Janairu 2024 Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai. A Disamba 2025 gwamnatin Amurka ta sa Nijar cikin jerin ƙasashen da aka tsai da ba mutanensu biza daga ran 1 ga Janairu 2026. Saboda haka kafin ku kashe ko dala ɗaya, wanda ke can ƙetare ya tambayi hukumar ƙasar da bakinsa, ya ji ko ƙofa a buɗe take, da kuma garin da za a yi ganawar. Duk ɗan kamashon da ya ce muku yana da mabuɗin ƙofar da gwamnati ta kulle, kuɗinku yake so.

3. Ma'aurata uku cikin Littafi Mai Tsarki

Kada ku yi tsammani wannan sabon abu ne. Ku buɗe Farawa sura 12, daga aya 10. Yunwa ta kori Ibrahim zuwa Masar. Da suka kusa iyaka tsoro ya kama shi, sai ya shirya da Saratu ta ce ita 'yar'uwarsa ce. Maganar tana da ɗan ƙamshin gaskiya, gama ubansu ɗaya, amma an faɗe ta domin a ɓoye aure. Da fari dabara ta ci. Aka ba Ibrahim tumaki da shanu da jakuna da raƙuma. Amma ina matarsa? Tana gidan Fir'auna. Da asiri ya tonu, sarkin da bai san Allah ba shi ne ya tsauta wa mutumin Allah, ya sa aka raka shi har bayan ƙasa. Ibrahim ya sami dukiya, ya kusa rasa matarsa, ya fita da kunya.

Ɗansa Ishaku ya maimaita wannan a Gerar, kamar yadda sura 26 ta nuna. Ya ce Rifkatu 'yar'uwarsa ce. Wata rana sarki Abimelek ya leƙa ta taga, ya ga yadda suke wasa da juna, nan take ya gane mata da miji ne. Ku ga abin koyi biyu a nan. Ƙaryar uba takan zama gādo ga ɗa. Kuma zaman aure yana da alama wadda ido ke gani. Masu shi ba su iya ɓoye ta, marasa shi kuma ba su iya aro ta su daɗe da ita.

Na uku suna cikin Ayyukan Manzanni sura 5. Hananiya da matarsa Safiratu suka sayar da gona, suka rage wani abu daga kuɗin, suka haɗa baki su ce duka ke nan. Miji ya fara shiga gaban Bitrus shi kaɗai. Bayan wajen sa'a uku matar ta shigo, ba ta san abin da ya faru ba. Bitrus ya tambaye ta kuɗin gonar, ta faɗi daidai abin da mijinta ya faɗa. Amsarsu ta zo ɗaya, ba ko kuskure. Duk da haka a rana ɗaya aka binne su. Ashe bakin mutum biyu yana iya zama ɗaya, maganar kuwa ƙarya ce. Ko ma'aikacin biza bai gane ba, akwai Mai gani wanda ba a raba masa hankali.

4. Wasiƙar da na ƙi rubutawa

Wata shekara wani ɗan'uwa ya zo mini daga ƙauye, mutumin kirki, manomi. Bayan mun gaisa ya ce, "Dattijo, alfarma na zo nema. Wani ya samo wa ɗiyata miji a Turai. Ba su taɓa ganin juna ba, amma an ce in ikilisiya ta ba da wasiƙa cewa an ɗaura aure a majami'a bara, magana ta ƙare. Bayan shekara kaɗan za su rabu, ita ta sami takarda, ta riƙa aiko mana."

Na ce, "Ɗan'uwa, nawa aka ce ka biya?" Ya faɗa mini. Shanun nomansa biyu da rabin gonarsa ke nan. Na ce, "Ka san garin da mutumin yake? Ka san aikinsa? Ka san ko yana da wata matar? In ya karɓe fasfonta ya kulle ta a ɗaki, wa za ta kira, tun da ita ma ta sa hannu cikin ƙaryar?" Ya yi shiru. Na ce, "Hatimin ikilisiya ba nawa ba ne. In na buga shi kan ƙarya yau, gobe ɗiyar wani ta zo da wasiƙar gaskiya, ba wanda zai gaskata ta."

Ya tafi ransa a ɓace, ya yi wata da watanni bai gaishe ni ba. Ban ji daɗi ba, gama na san talauci ne ya tura shi. Amma shanunsa suna nan, gonarsa tana nan, ɗiyarsa kuwa tana ɗakin mijinta, wanda iyayenta suka sani.

5. Shiri na fari: takardu

Yanzu sai mu juya ga masu auren gaskiya. Na ga masu gaskiya da aka mayar da su gida saboda sakaci kawai. Daga Agadas zuwa Yamai ya fi kilomita 900. Wanda ya isa can sa'an nan ya tuna ya bar takarda cikin akwati a ƙauye, ya yi hasarar kuɗin mota da ranar da aka ba shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Auren majami'a aure ne a gaban Allah da jama'a, amma ma'aikacin ƙasar waje takardar magajin gari yake nema. Dokar ƙasarmu ta ran 1 ga Yuli 2019 ta ba da kwana 60 domin a kai labarin haihuwa ko aure ko mutuwa a rubuta. In lokacin ya wuce, sai an bi ta wurin alƙali. Kada ku jinkirta. Ko ba ku da niyyar tafiya ko'ina, ku rubuta aurenku da haihuwar 'ya'yanku.

Ku shimfiɗa tabarma, ku jera takardun duka: ta haihuwa, ta aure, katin ɗan ƙasa, fasfo. Ku sa wanda ya iya boko ya duba harafi harafi. Sau da yawa suna ɗaya yakan fito da rubutu iri uku, gama wani magatakarda ya rubuta da ƙa'idar Faransanci, wani kuma da ta Hausa. A wurinmu duk mutum ɗaya ne. A wurin mai bincike kuwa mutum uku ne. Haka ranar haihuwa. Da yawa cikinmu an rubuta mana 1 ga Janairu domin ba a san ainihin ranar ba. Ba laifi, amma sai ta zama ɗaya cikin kowace takarda. In akwai saɓani, ku je hukuma a gyara. Kada ku kankare da reza, kada ku ba wani a kasuwa ya buga muku sabuwa. Takardar jabu guda ɗaya takan ɓata na gaskiya goma da ke tare da ita.

Wanda ya taɓa aure ya nemi takardar mutuwar abokin aurensa na fari, ko takardar rabuwa daga kotu. Wanda ke da 'ya'ya kafin wannan aure ya rubuta su duka. Kada a ɓoye ɗa, kada kuma a ɗauki ɗan ƙane ko ɗan kishiya a ce na cikinki ne. Akwai gwajin da likitoci ke yi su gane uwa da uba, kuma akan nemi a yi shi in an yi shakka.

Sa'an nan ku tara shaidar zamanku: hotunan biki inda iyaye da dangi suka fito, shafin littafin ikilisiya inda aka rubuta auren, wasiƙar fasto wanda ya ɗaura, rasit na kuɗin da miji ke aikowa, tikitin zuwansa gida da hatimin da aka buga a fasfonsa, saƙonnin WhatsApp da kuke yi wa juna. Kada ku share su. Ku tuna da Bo'aza cikin Littafin Rut sura 4. Da zai auri Rut, baƙuwa daga Mowab, a ƙofar gari ya zauna, ya kira dattawa goma su zama shaidu. Abin da aka yi a fili gaban shaidu ba shi da wuyar nunawa.

6. Shiri na biyu: sanin juna

Wannan ya fi na fari nauyi. Wata yarinya ta ikilisiyarmu, wadda mijinta ke aiki a wata ƙasar Turai, ta sami ranar ganawa. Auren gaskiya ne, ni ma na ci tuwon bikin. Muka kira ta gida, ni da uwargida, domin mu gwada ta. Na zauna kan kujera kamar ma'aikaci, na ce, "Ɗiyata, mene ne sunan mijinki?" Sai ta ja gyale ta rufe fuska, tana murmushi. Na sake tambaya. Ta ce, "Baba, ai ka san shi." Na ce, "Ni na san shi, amma Baturen bai san kunya irin tamu ba. In kin yi masa haka, zai rubuta cewa ba ki san sunan mijinki ba."

Kunya ado ce a gidajenmu. Mace ba ta kiran sunan mijinta, ba ta kiran na surukanta, wata ma ba ta kiran na ɗanta na fari. Yaro mai ladabi ba ya kallon babba cikin ido. Amma a ɗakin ganawa ana iya ɗaukar wannan duka a matsayin alamar ɓoye wani abu. Saboda haka uwargida ta zauna da yarinyar nan kwana da kwanaki, har bakinta ya saba da faɗin cikakken sunan mijinta da na iyayensa, kanta a ɗage. Wannan ba raini ba ne. Kare aurenta take yi.

Da muka ci gaba da tambaya, sai muka tarar ba ta san irin aikin da yake yi ba, sai dai "yana aiki". Ba ta san sunan garin da yake ba, sai sunan ƙasar. Shi ma da muka kira shi ta waya, bai san shekarar da ta bar makaranta ba, bai san ciwon da ya kwantar da ita asibiti tana yarinya ba. Suna ƙaunar juna, amma gaisuwa kaɗai suke yi: ina kwana, ina gajiya, an ci abinci? Wannan ba nasu kaɗai ba ne. Mu da muka shekara talatin da aure, mu nawa ne za mu ci wannan jarrabawa?

Ga abin da za ku yi. Ku keɓe lokaci kowane mako, ko fuska da fuska ko ta waya. Miji ya ba matarsa labarin ranarsa: ƙarfe nawa yake tashi, me yake hawa zuwa aiki, nawa yake samu, nawa yake biyan haya, da wa yake zaune, wace majami'a yake zuwa. Kada ya ƙara gishiri. In shara yake yi, ya ce shara. Mata ta ba shi nata labarin. Ku bi tarihinku tun daga farko: ranar da kuka haɗu, wanda ya kai gaisuwa, abin da aka bayar na sadaki, wanda ya yi wa'azi ranar aure. Inda tunaninku ya saɓa, ku duba takarda ko ku tambayi iyaye, ku gano abin da ya faru da gaske.

Ku lura da bambanci. Tunawa dabam, hadda dabam. Masu auren takarda su ke haddace amsa kamar karatun allo, kuma da an sauya tambaya sai su rikice, gama ramin ƙarya ƙurarre ne. Ku kuwa abin da kuka rayu a ciki kuke tunawa. In auren haɗi ne, iyaye suka shirya, ku faɗi haka. Kada ku ƙaga labarin soyayya irin na fim domin ku burge Bature. In akwai wani abu mai nauyi a baya, kamar an taɓa hana ka biza, ko an taɓa koro ka daga wata ƙasa, ko kana da ɗa a waje, matarka ta ji shi daga bakinka tun a gida. Kada ta fara jinsa daga bakin baƙo.

7. Ranar ganawa

Ku isa garin tun kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Ku sa tufafi masu tsabta irin na zuwa sujada, ba sai na aro ba. Ku riƙe takardu na asali da kofensu, a jere cikin jaka ɗaya. Ku yi addu'a tare kafin ku fita, ko ta waya ce.

In ba ku ji Faransanci ko Turanci sosai ba, ku tambaya tun da wuri yadda za a yi da tafinta. Kada ku ce "i" ga abin da ba ku gane ba. Ku roƙa a maimaita. Ku amsa abin da aka tambaya, ku tsaya nan. In ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba. In kun manta, ku ce kun manta. Wannan ya fi cinta, gama cintar da ta saɓa da amsar abokin aurenka kamar ƙarya take a kunnen mai rubutu. In kuna tare, miji kada ya amsa a madadin matarsa, kada ya yi mata ƙifce. In ka gane ka yi kuskure, ka gyara nan take. Kada ku sa hannu a takardar da ba a karanta muku ba. Kada ku miƙa wa kowa goro. In tambaya ta yi muku zafi, ku haɗiye fushi, gama aikinsa yake yi.

8. Magana ga iyaye

Ku iyaye, ɗiyarku ba jari ba ce. Kafin ku ba da ita ga wanda ke ƙetare, ku bincika kamar yadda za ku bincika in ɗan ƙauyen gaba ne, har ma fiye. Ku san iyayensa. Fastonku ya yi magana da faston da ke can. Ku tambayi yarinyar a keɓe ko tana so, gama auren dole zunubi ne, kuma mai tambaya yakan nemi ya sani ko da yardarta aka yi. Kada ku ƙara mata shekaru a takarda domin ta isa tafiya. Ta tafi da lambar wayar wani mai bi a garin da za ta, ta kuma san fasfonta nata ne.

9. In an ƙi fa?

Yana yiwuwa ku yi kome daidai, a ce a'a, ko a ce ku jira. Jiran yakan kai shekara, har ya fi. Ku karɓi takardar da ta faɗi dalili, ku nemi shawara wurin wanda ya san dokar ƙasar, gama sau da yawa akwai hanyar ɗaukaka ƙara ko sake nema. Wanda aka ƙi domin takarda ta rage yana iya komowa. Wanda aka kama da ƙarya ya rufe wa kansa ƙofa.

Kada baƙin ciki ya sa mace ta hau motar hamada domin ta iske mijinta. Mun binne isassu. Kuma miji ya tambayi kansa gaban Allah: in ƙofar ta ƙi buɗuwa, wanne zan riƙe, ƙasar ko matar? Alkawarin da ka yi a majami'a ba ka sa sharaɗin biza a ciki ba. Akwai lokacin da amsar ita ce ka tattara abin da ka samu ka komo gida. Ikilisiya kuma kada ta bar matar da ke jira ita kaɗai. A ziyarce ta, a taimake ta da noma, a tsare ta daga bakin masu tsegumi.

Tambayoyi domin iyali

1. Me Ibrahim ya samu ta wurin dabararsa a Masar, me kuma ya kusa rasawa?
2. Amsar Hananiya da ta Safiratu sun zo ɗaya. Me ya sa wannan bai cece su ba?
3. Mene ne bambancin tunawa da hadda?
4. A gidan nan, auren wa da haihuwar wa ba a rubuta ba tukuna? Wace rana za a je?
5. Mai gida da uwargida, kowa ya faɗi abu uku da ya koya game da ɗan'uwansa cikin wannan mako.

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, kai ne ka kafa aure, kai ne kuma mai ganin abin da ke ɓoye. Ka tsare bakinmu daga ƙarya, ko a gaban sarki, ko a gaban ma'aikaci, ko a cikin ɗakinmu. Ka tuna da 'ya'yanmu da ke nesa, da matan da ke jiran mazansu, da mazan da ke jiran matansu. Inda ka ga alheri ne, ka buɗe musu ƙofa. Inda ka rufe, ka ba su haƙuri da abinci a ƙasarsu. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.